Abin da Merle Ya Saki daga Kan Rumbu

Ranar Juma'ar da Merle ya shigo gida da littafin nan a hammata, ko takalmi bai cire ba. Ya wuce ni a kicin, ya dire littafin a kan tebur tsakanin gishiri da kwandon burodi, ya ja kujera ya zauna, ya miƙe, ya leƙa firij bai ɗauki komai ba, ya sake zama. Mun kusa shekara ashirin da aure, na san idan mijina ya kasa zama wuri ɗaya to akwai abin da ke cin sa.

Ashe Mista Lindqvist ne, malamin fiziks na makarantar garinmu, ya ajiye aiki. An kwantar da matarsa a asibiti a Omaha, ya tattara ya tafi jinya. Makarantar tamu ƙarama ce, malami ɗaya yakan riƙe aikin mutum uku, kuma babu mai zuwa ƙauyen Nebraska neman aiki a tsakiyar zango. Misis Halvorson, shugabar makarantar, ta tuna cewa Merle ya taɓa ɗan karatun kimiyya a kwaleji, sai ta kira shi ofis ta ce daga Litinin shi zai riƙe ajin kafin a samo wani. Merle kuwa motsa jiki yake koyarwa, shi ne kocin 'yan kokawa, kuma rabonsa da littafi mai lissafi a ciki tun yana da gashi a ka.

Na zuba masa nama da dankali, ya tura kwanon gefe ya buɗe inda Lindqvist ya tsaya. Babin faɗuwa ne. Ya karanta da leɓe, kamar yadda yake yi da takardar magani, sannan ya juyo da littafin wajena ya dafa wani layi da yatsa. Layin yana cewa duk abin da aka saki daga sama, muddin iska ba ta tare shi ba, faɗuwa iri ɗaya yake yi. Kowace daƙiƙa gudunsa yana ƙaruwa da ƙafa talatin da biyu, ko guduma ce ko maɓallin riga. Idan aka sake su tare, tare za su taɓa ƙasa.

"Lorna, wannan ba gaskiya ba ne," in ji shi.

Na ce masu littafi ba su san shi ba balle su yi masa ƙarya. Ya ce shi a kan tabarmar kokawa ya girma. Idan ƙaton yaro ya faɗi, kowa a zauren sai ya ji a ƙafarsa, ƙaramin kuwa saukowa yake kamar ganye. Na ce to ya karanta wa yaran abin da ke rubuce, ya ba su aikin gida, ya taho abinsa. Ya kalle ni kamar na ce ya sayar da karenmu.

"Ban taɓa koya wa yaro kamun da ba a kayar da ni da shi ba. Zan tsaya gaban 'ya'yan mutane in faɗi abin da cikina bai yarda da shi ba?"

Daga nan kicin ɗina ya shiga uku. Ya hau kujera ya saki cokali da tukunya. Ya saki takalmi da mukulli. Ya saki gwangwanin wake da ƙwayar wake ɗaya. Duk sanda suka faɗi zai tambaye ni wanne ne ya riga, ni kuma ƙara ɗaya nake ji, sai ya ce kujerar ce ba ta da tsawo, ko hannunsa na hagu ne ya makara. Ya saki tuffa da yankan nama, kare ya cafke naman tun a sama. Da na ga ya miƙa hannu wajen kwanon sukarin da na gada wajen kakata, na kashe masa fitila.

Asabar ce ranar da nake cika da aiki. Gyaran gashi nake yi a ɗakin da ke jikin gareji, kuma tagarsa tana kallon tsakar gida. Mata uku na zaune, biyu a ƙarƙashin injin busar da gashi, ɗaya a hannuna, muka ga Merle ya jingina tsani da gareji, ya hau matakala huɗu ya tsaya, ya saki bulo da ƙwallon tanis. Ya sauko ya ɗebe su ya sake hawa. Misis Pokorny, wadda ta haura tamanin kuma bakinta bai tsufa ba, ta ɗaga murfin injin ta ce a tambayi Koci ko rufin yake gyarawa daga ƙasa. Sauran suka yi ta dariya. Na yi tare da su, amma ni na san dalilin tsayawarsa a matakala ta huɗu. Merle ƙato ne, laba ɗari biyu da sittin, wuyansa kamar kututture, amma tsoron sama yake. Fitilun Kirsimeti ma ni nake hawa in rataya, shi yana riƙe da tsani yana ba ni shawara. Babu wanda ya sani a garin sai ni.

Can na ji a-kori-kurarsa ta tashi. Da na leƙa, ya bar mini rubutu a bayan ambulan cewa ya tafi gonar Baba, mahaifina. Na san me ke gonar Baba da ya fi gareji tsawo. Na wanke wa Misis Pokorny kai da sauri har ta yi ƙorafin ruwa ya shiga kunnenta, na ce wa ta ukun ta dawo Talata, na ɗauki motata.

Lokacin girbin masara ne. Hanya cike da manyan motoci masu jan hatsi suna tafiya kamar ba sa so, ni kuma ina bayansu ina dukan sitiyari. Da na isa, Baba yana tsaye a gindin babban rumbun ƙarfen, hannuwa a aljihun rigar aiki, ya ɗaga kai sama. Orville sunansa, kuma a shekarunsa saba'in da wani abu bai taɓa shiga gardama ya fito da ra'ayin wani ba. Ya ce mini surukinsa ya zo da jaka a baya, a ciki akwai dunƙulen ƙarfen nan da 'yan wasa ke jifa da kuma ƙwallon besbol. Ya ce ya gaya masa kada ya wahalar da kansa, kowa ya san mai nauyi ke riga, shi da idonsa ya ga damin ciyawa da hularsa sun faɗo daga bene, damin ya isa hular tana yawo. Amma yaron ya ƙi ji, ya ba shi waya ya ce ya ɗauki bidiyo.

Na tambaye shi tun yaushe Merle ya hau.

"Ya ɗan jima. Ina jin addu'a yake."

Rumbun ya kai bene mai hawa huɗu. Tsani ne na ƙarfe a manne da jikinsa, a bakin rufin kuma akwai ɗan dandamali mai shinge wanda bai fi faɗin ƙofa ba. Daga ƙasa ina hango Merle a durƙushe, ya rungume shingen da hannu biyu. Na kira shi bai amsa ba. Na cire takalmin aikina mai santsi, na sa na robar mahaifiyata da ke ajiye a bakin ƙofa tun tana da rai, na fara hawa. A gonar nan na tashi, tsanin ya san ni. Amma iskar sama ta fi yadda na tuna, tana kaɗa rigata, ƙarfen kuma sanyi kamar ƙanƙara.

Na same shi idonsa a rufe, fuskarsa ta yi fari, gumi yana ɗiga daga haɓarsa duk da sanyin. Na matsa na zauna a gefensa, ƙafafuna suna lilo. Daga can ana ganin injin girbin maƙwabcinmu yana cin layi yana tofar da ƙura, da hasumiyar coci, da tankin ruwan gari.

"Baba yana dariya?" ya tambaya, bai buɗe ido ba.

Na ce Baba ya zaci addu'a yake. Ya ce ai ba ƙarya Baba ya yi ba. Ya ce hawan bai ba shi wuya ba saboda bango yake kallo, da ya juyo ne ƙasa ta yi nisa, ƙafafunsa suka zama na wani. Na ce mu sauka a hankali, ni a ƙasa shi a sama, littafi ya ci kansa. Ya ƙara damƙe shingen. Sannan ya ce idan ya sauka da kayan nan a jaka, Litinin zai je ya gaya wa Misis Halvorson ta nemi wani, kuma duk garin zai san dalili kafin Laraba, tunda a ɗakina ake raba labari. Na ce to ya ba ni in sake su. Ya girgiza kai. Shi yake so ya ji sun bar hannunsa.

Matsalar ita ce hannu biyu ake buƙata, nasa kuwa duka suna kan shinge. Na zuge jakar na fito da su. Ƙarfen ya yi mini nauyi har na dafa shi da gwiwa. Na saƙala ƙafata a sandar shingen, na cusa hannuwana biyu cikin bel ɗinsa ta baya na damƙe. Na ce masa na riƙe shi. Ya ce ni da ban kai rabinsa ba. Na ce haka na riƙe shi shekara ashirin bai lura ba.

Ya saki hannun dama, ya ɗauki ƙarfen. Ya daɗe kafin ya saki na hagu ya ɗauki ƙwallon. Ya miƙa hannuwan biyu ta saman shingen, na ƙwala wa Baba kira ya matsa, ya kuma danna jan maɓalli. Merle ya buɗe ido, ya buɗe yatsunsa.

Na leƙa ta ƙarƙashin hammatarsa. Abin da na gani shi ne baƙin ƙarfen da farin ƙwallon suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, da farko kamar suna shawara, sannan suka ƙara wuta, suka ƙanƙance. Ban gama jan numfashi ba muka ji dum. Ƙarfen ya nutse a ƙasa, ƙwallon ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin tarakta.

Merle ya sake cafke shingen. Ya ce ƙara ɗaya ya ji. Na ce ni ma.

Saukowar ta fi komai tsawo. Ina ƙasa da shi, ina kama dunduniyarsa ina ɗora ta a kan matakala ta gaba, ina ce masa ya kalli bango. Wajen tsakiya ya tsaya ya ce, cikin wata murya siririya, idan ya suɓuce zai tafi da ni. Na ce na sani, shi ya sa nake so ya rufe baki ya sauko.

A ƙasa Baba ya miƙa masa wayar yana cewa ƙarfen ne ya riga, da kaɗan, amma ya riga. Merle ya zauna a kan tayar tarakta ya buɗe bidiyon. Takalman Baba ne a ciki, da ciyawa, da muryarsa yana tambayar wanne ne jan maɓallin. Sai ƙarar dum, sai babban yatsa ya rufe komai. Merle ya kalla sau uku. Baba ya ce idan yana so ya sake hawa, shi yanzu ya gane maɓallin. Na ja mijina zuwa mota.

Na ɗauka magana ta ƙare, tunda ya gani da idonsa. Ina. A hanya ya ce gani daban, ganewa daban. Idan yaro ya ɗaga hannu ya ce don me, me zai ce? Ya ce na hau rumbun surukina na gani? Ƙasa ta fi jan ƙarfen, kowa ya ɗauka ya ji a hannunsa, to don me bai riga ba? Da yamma ya yanke ciyawar da ba ta buƙatar yanka, ya wanke motar da ya wanke shekaranjiya, ya buɗe littafin ya rufe. Littafin ya yi bayani da haruffa da layin raba lissafi, wani harafi a sama ya cinye ɗan'uwansa a ƙasa, Merle ya ce wannan wayo ne irin na lauya.

Lahadi a coci ya hana ni sauraron wa'azi. Gwiwarsa tana rawa har bencin yana motsi, ya naɗe takardar waƙoƙi ya warware, ya naɗe. A bencin gabanmu tagwayen gidan Dvorak ne, Cody da Clint, 'yan kokawarsa, waɗanda ko mahaifiyarsu sai ta duba tabon gira take bambanta su. Nauyinsu ɗaya, shi ya sa kullum suke faɗa kan wanda zai shiga gasa, tunda mutum ɗaya ake ɗauka a kowane rukunin nauyi. Na ga Merle ya ƙura wa ƙeyarsu ido. Gwiwar ta tsaya. Ya matso da bakinsa kunnena.

"Idan yaran nan suka yi tsalle daga gada tare, wa zai riga shiga ruwa?"

Na ce tare za su shiga, ya yi shiru fasto yana kallonmu.

"In suka riƙe hannu fa?"

Na ce duk ɗaya.

"In Cody ya rungume Clint ƙam, na ɗaure su da igiya?"

Na buɗe baki zan ce duk ɗaya, sai na ga inda ya dosa. Biyun da aka ɗaure sun zama abu ɗaya mai ninkin nauyi, kuma babu dalilin da igiya za ta ƙara musu gudu. Merle ya ce, yanzu ba a kunnena ba, ƙato ba komai ba ne sai ƙanana da yawa a ɗaure, kowane yana faɗuwarsa. Misis Dvorak ta waiwayo. Na taka masa ƙafa. Ya yi shiru, amma kafaɗunsa suna girgiza da dariyar da yake dannewa, har aka tashi.

A wajen cin abincin rana a gidan Baba ya maimaita da dankali biyu da cokali mai yatsu da ya soke su tare. Ya ƙara da abin da ya faɗo masa a mota: gaskiya ne ƙasa ta fi jan mai nauyi, amma mai nauyi ya fi wuyar turawa, duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗaga ƙato daga tabarma ya san haka, sai ƙarin jan da ƙarin taurin su tashi babu wanda ya ci wani. Baba ya saurara yana tauna. Ya ce to hularsa fa? Merle ya ce iska ce ta tare hular, kuma mai yiwuwa ita ta ɗan riƙe ƙwallon jiya, don haka ba mamaki idon Baba daidai ya gani. Littafin yana maganar inda babu iska ne.

"To idan kun koma can da zama ku aiko mini da adireshi," in ji Baba. Ya cire dankalinsa daga cokalin ya cinye.

Ban ga ajin Litinin ba, amma kafin ƙarshen mako na ji shi daga baki biyar a ƙarƙashin almakashina. Merle bai buɗe littafi ba. Ya kwashi yaran zuwa zauren wasanni, ya sa aka jawo katifun tsalle, ya ɗora tagwayen a kan benen 'yan kallo. Suka yi tsalle a rarrabe, suka yi riƙe da hannu, suka yi a rungume. Wata yarinya mai suna Yesenia, wadda iyayenta ke aiki a mayankar shanu, ta ɗauka da wayarta ta rage gudun bidiyon, aka taru a kanta ana ƙirga yadda tazarar ke ƙaruwa daga hoto zuwa hoto. Ana shirin haɗa Clint da mafi ƙanƙanta a ajin, sai Misis Halvorson ta shigo. Ta ce kowa ya sauko, Merle kuma ya same ta a ofis. Abin da ta gaya masa bai maimaita mini duka ba, ya dai ce daga yau abin da ba shi da uwa kawai aka yarda ya saki.

Ya riƙe ajin har hutun Kirsimeti. Babi biyu kacal yake gaba da yaran, wani lokaci shafi biyu, kuma gidanmu bai huta ba. Na sami kwandon wankina a ɗaure da igiya yana lilo a gareji, ya ɓata mini madubin hannu. Sau da yawa Yesenia takan yi tambayar da zai ce bai sani ba, ta ba shi zuwa Alhamis.

A watan Janairu aka samo malama, Mis Adair, sabuwar fitowa daga jami'a. Merle ya miƙa mata littafin da mukullin ɗakin gwaji, ya dawo gida yana cewa an sauke masa dutse daga ka. Kwana uku ya yi yana murna. A na huɗu, lokacin da ajin ke zama shi kuma ba shi da darasi, mai shara ya gan shi yana kai da kawowa a baranda, yana tsayawa a bakin ƙofar kamar mai gyara igiyar takalmi. Mako guda ana haka, sai Mis Adair ta buɗe ƙofa ta ce inuwarsa tana raba wa yara hankali, ko ya tafi ko ya shigo. In ya shigo kuma, aikin gida da jarrabawa duk da shi.

Kujerar ajin ba ta ɗauke shi ba, sai da ya kawo benci daga zauren wasanni ya ajiye a baya. A jarrabawar farko, kan wutar lantarki, ya sami maki sittin da takwas. Cody Dvorak ya fi shi da huɗu, kuma bai bar shi ya manta ba har aka gama gasar kokawa ta shekarar.